Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kebbi: A Ba Makaɗanmu Aji Su Koyar

Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,
Dakta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu,
Gidan Gwamnati, Birnin Kebbi.



Ranka ya daɗe, daga Wasagu nake rubuto maka, a kan maganar da na san ba ita ce ta fi damunka ba a wannan lokaci. Roƙona shi ne gwamnatinka ta buɗe makarantar gaba da sakandare a ƙasar Zuru, inda za a koyar da kiɗa da rawa da wasannin bajintar jiki, a kuma ɗauki tsofaffin makaɗanmu da gwanayen rawarmu su zama malamai a cikinta, da albashinsu da matsayinsu, ko da ba su taɓa zama a kan benci ba.

Na san abin da za a fara ce mini, domin a nan gida ma an faɗa mini shi. Mutumin Danko/Wasagu ya sami damar magana da Gwamna, ya rasa abin roƙo sai ganga? Ƙasar da 'yan bindiga suka hana noma, ƙauyuka suka watse, jama'a suka cunkushe a Ribah da Zuru da sauran manyan garuruwa a gidajen dangi? Ƙasar da aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a watan Nuwamban 2025 aka kwashi ɗalibai kafin gari ya waye? Duk gaskiya ne. Da za a ce in zaɓa tsakanin soja a hanyar Bena da makarantar kiɗa, ba sai na yi shawara da kowa ba. Amma wannan tashin hankalin shi ne ya sa maganar tawa ba ta jiran gobe, kuma bari in faɗi dalili.

Kiɗa a wurinmu gado ne, kuma gadon yana da makarantarsa, sai dai ba ta da bango. Yaro yakan fara da ɗaukar wa mahaifinsa ganga zuwa gona ranar gayya. Daga nan a rataya masa kanzagi, ya yi ta bugun abu ɗaya har hannunsa ya daina gaba da na manya ko baya da su. Sai ya shiga cikin 'yan amshi. A hankali kunnensa ya ɗauki taken kowane manomi da na kowane gida, ya san wanda idan aka kaɗa masa zai zabura ya ƙara kuyya uku, ya san kuma wanda ba a kaɗawa a gaban surukai. Shekaru ake yi kafin a bar shi ya riƙe babbar ganga shi kaɗai. Ajin wannan karatu shi ne gonar gayya, da filin kokawa bayan kaka, da dandali a daren farin wata, da gidan biki. To ranka ya daɗe, a yawancin ƙauyukanmu waɗannan azuzuwa sun rufe. Wa zai tara samari arba'in a gonar da ke bakin daji, ya kuma buga ganga ya sanar da inda suke? Wa zai bar 'yarsa ta fita dandali bayan isha'i?

Akwai wani tsohon makaɗin noma da ya baro ƙauyensu ya dawo gari, yana gadin wani shago. Gangarsa tana can inda ya baro ta. Wata rana da yamma, ana hira, ya jawo jarkar ruwa tsakanin gwiwoyinsa ya fara kaɗa mana taken manoman ƙauyensu da yatsu, ɗaya bayan ɗaya. In ya kaɗa sai ya faɗi mai shi, ya ce wannan ya rasu, wannan yana Kontagora, wannan ba a san inda yake ba. Jikokinsa suna zaune a gefe suna kallon waya. Ba rashin kunya ba ne. Ba su taɓa ganin gonar da ake wannan kiɗa a cikinta ba, to me zai ja su? Gidan da aka ƙone ana sake gina shi idan zaman lafiya ya dawo, in sha Allahu zai dawo. Abin da ke cikin kan wannan tsoho kuwa, ranar da aka kai shi makwanci an kai shi tare da shi.

Ƙasar Zuru ba ƙaramar taska ba ce a wannan fanni. A cikin masarautun nan biyar, Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, akwai Lelna, waɗanda muke kira Dakarkari, akwai Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa da Hausawa da Fulani, kowa da kiɗansa da takunsa. Lelna sun gina tarbiyyar saurayi a kan kokawa da golmo, wato shekarun da yake yi shi da abokansa suna noma wa iyayen yarinyar da zai aura, kuma bikin Uhola, ban da godiya a kan amfanin gona, shi ne ranar fitowar waɗanda suka kammala. Har gumakan yumɓu da matansu suke ginawa a ɗora a kaburburan manyan mutane, waɗanda yanzu suke gidajen tarihi na Turai da Amurka, gwanin kokawa yana cikin waɗanda ake yi wa su. Al'ummar da ta ɗauki gwanintar jiki da wannan daraja ba sai an koya mata cewa abin ilimi ne ba.

Mu kuma me muke yi da su? Muna tunawa da su ranar biki. Jiharmu tana alfahari da bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Muna da Rigata a Yawuri, muna da Uhola a Zuru. Duk wanda ya saba zuwa irin waɗannan taruka, a jiharmu ko a wata, ya san yadda abin yake. Tun hantsi 'yan rawa suke zuwa cikin kayan wasa, su zauna a rana ana jawabai. Can wajen la'asar mai sanarwa ya ce an ba su minti biyar. Su shiga su zuba abin da suka yi shekaru suna koyo, manyan baƙi su tafa, a yi musu liƙi, a ba shugabansu kuɗin mota. Sai baɗi kuma. Ba wanda ke tambayar wa zai maye gurbin tsohon da ke gaba ranar da ƙafarsa ta gaza. Wannan ɗabi'ar manomin da ke cin irinsa ce, yana murna tuwo ya yi yawa.

Kada a ce jami'o'inmu ba su yi komai ba. Sun yi, amma rabin aikin. Sassan Hausa na Sakkwato da Kano da Zariya sun yi wa waƙar baka hidimar da ba za a manta ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa ya kuma tsara hanyar nazarinsu, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan jihar nan, ya yi babban littafi a kan Narambaɗa. Ɗalibai nawa suka sami digiri a kan Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Sani Aliyu Ɗandawo? Sai dai abin da ake nazari shi ne baitin da aka kwafe a takarda: jigo da salo da zubi. Hannun da ke matse tsarkiyar kalangu a hammata har fata ta yi magana irin ta mutum, ta hau ta sauka yadda harshenmu ke hawa da sauka, wannan hannun ba a koyar da shi a kowane aji. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. Ta kyauta. Amma har ya bar duniya a 1999 digiri aka ba shi, ba a ba shi aji ba, balle makaɗan da ke bayansa. Zariya ta fara koyar da wasan kwaikwayo tun 1975, amma sashen kiɗa na farko a jami'ar Nijeriya a Nsukka aka buɗe shi, a 1961, kuma har yau ɗan ƙasar Zuru da ke son digiri a kan kiɗa akasari sai ya yi doguwar tafiya ya bar yankinmu. Can kuma ba gangar garinsu zai tarar ba.

A wasu ƙasashe an daɗe da wuce wannan muhawara. A birnin Rotterdam na ƙasar Holan akwai jami'ar fasaha mai suna Codarts, fannoninta uku ne: kiɗa, da rawa, da wasannin bajinta irin su tafiya a kan igiya, da lilo a sama, da alkafura, da jefa abubuwa ana cafewa. Shekara huɗu ɗalibi yake yi ya fito da digiri. A Stockholm ta Suwidin har digirin digirgir ake yi a kan irin wannan wasa. A Kanada an buɗe makarantarsa a Montreal a 1981, kuma kamfanin Cirque du Soleil da ya zagaye duniya yana tara kuɗi 'yan wasan bakin titi ne suka kafa shi a 1984. Amma ba na so in tsaya a kan Turawa, don kada a ce su masu kuɗi ne. Gana ta buɗe makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a Legon a 1962 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwabena Nketia, ta kuma kawo gwanayen makaɗa daga garuruwa suka zauna a jami'a. Gini, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta mayar da rawar ƙauyukanta ƙungiyar ƙasa tun zamanin Sekou Toure, daga baya a 1998 aka kafa Circus Baobab da yaran da suka saba alkafura a tituna da bakin teku, suka fita duniya da ita.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Yamai, wadda ta fi Legas kusa da Birnin Kebbi nesa ba kusa ba. Tun 1989 Nijar take da cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya, tana da ɗakin ajiye kayan kiɗan ƙabilun ƙasar. A nan ne labarin Malam Mamman Barka ya kamata ya tsaya mana a rai. Malamin makaranta ne, makaɗin gurmi. Akwai wani abin kiɗa na Buduma masunta na tafkin Cadi, ana ce masa biram, mai tsarkiya biyar, siffarsa kamar kwalekwale. Ya zamana saura tsoho ɗaya da aka sani ya iya shi sosai, Bukar Tar. A 2002, da tallafin UNESCO, Malam Barka ya tafi ya zauna wurin tsohon ya koya, tsohon ya ba shi biram ɗinsa. Bayan tsohon ya rasu, Barka ya kai wannan kiɗa har Turai, aka naɗe shi a faifai. Shi ma ya rasu a 2018, amma biram bai bi su ba. Dubi abin da aka kashe: kuɗin mota, da na abinci, da ɗan abin da za a ba tsoho. Ba a gina bene ba. A ƙasar Zuru, wa ya san yawan irin su Bukar Tar da ke zaune yanzu a zauren wani, ba su da ko gangar?

Wasannin bajinta kuwa, ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Muna da 'yan hoto masu cilla garma sama su tare ta da jiki, da 'yan tauri, da gardawa, da 'yan dabo, da 'yan kama masu ban dariya, da 'yan koroso na Kano masu lanƙwasa jiki kamar ba ƙashi, da masu kabanci a Argungu. Duk yaron da ya tashi kusa da rafi ya yi alkafura a kan yashi. A nan zan faɗi ra'ayina ƙarara, ko da wasu za su ji haushi. Ba duk abin da ke cikin waɗannan wasanni ne makaranta za ta ɗauka ba. Maganar asiri da layu da sha-ka-fashe ta tsaya a ƙofar makaranta. Jan kura da biri a kasuwa ma a bar shi. Ko a ƙasashen da na ambata an rage wasa da namun daji ƙwarai. Abin da makaranta za ta ɗauka shi ne gwaninta: numfashi, da daidaita jiki, da ƙarfin ƙugu, da sanin yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Abin da za ta ƙara kuma shi ne wanda gado bai bayar ba, wato ilimin gaɓɓai da jijiyoyi, da katifar atisaye, da sanin lokacin da ciwo yake cewa a huta. 'Yan wasanmu nawa ne suka tsufa da gurguwar gwiwa tun ba su kai arba'in ba, saboda a kan tsandauri suka koya?

Sai maganar addini, wadda ba zan kewaye ta ba a wasiƙar da za ta je ƙasar Gwandu. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa, kuma masu ƙyamarsa suna da hujjojinsu, ba jahilai ba ne. Mun kuma ga abin da ya faru a 2016, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta so gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa ta Jihar Kano, malamai suka tashi, aka janye. Darasin da na ɗauka shi ne an yanke shawara a Abuja aka sanar da mutane, ba a zauna da su ba. A nan sai a fara da zama: malaman Musulunci, da shugabannin coci, da sarakuna, da iyaye. A nuna musu manhajar, a saurari sharuɗɗansu a kan sutura da cuɗanyar maza da mata da lokutan ibada. A kuma tambaye su tambaya ɗaya. Yaranmu sun daina kiɗa da rawa ne don babu makaranta? Ba su daina ba. Suna koya a TikTok, ba malami, ba dattijo, ba mai cewa wannan bai dace ba. Tambarin fada da kakaki da algaita da ake yi wa sarakunanmu ranar hawan salla, su ma wani ne zai gaje su, ko kuwa a wayi gari sarki ya fito da lasifika a bayan mota.

Ranka ya daɗe, kai malami ne kafin ka zama Gwamna, ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa baki ɗaya, don haka wannan ɓangaren ka fi ni saninsa. A manhajar firamare da ƙaramar sakandare akwai darasin al'adu da fasaha, wanda ya haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo. Wa ke koyar da shi a makarantunmu? Wanda jadawalinsa ya fi sauƙi. Ya cika allo da rubutu, yara su kwafi ma'anar kiɗa da ire-iren kayan kiɗa, su haddace, su ci jarrabawa, ba su taɓa fatar ganga ba. Wannan gurbin aiki ne da ke nan a buɗe a kowace ƙaramar hukuma cikin 21 da muke da su. Ga kuma aikin soja, wanda ƙasar Zuru ta yi suna a kansa har ta ba Nijeriya janar-janar: rundunar soja da ta 'yan sanda duk suna da 'yan badujala, soja ma suna da makarantar kiɗa a Ojo ta Legas, kuma yaron da ya je da ilimin karanta rubutun kiɗa ba daidai yake da wanda ya je hannu biyu ba. Ɗakunan naɗar waƙa na Kano da Kaduna cike suke da samari masu danna fiyano, amma wanda ya iya sassaƙa kalangu ya ɗaure shi, ya kuma san yadda ake ɗaukar muryarsa a na'ura ba ta dushe ba, sai an tona. Coci-cocin yankinmu ma suna neman masu horar da mawaƙa.

Ban roƙi a gina sabuwar jami'a ba. Wadda muke da ita a Aliero ma tana da nata buƙatun. Kuma duk da ina son garinmu, ban ce a kawo ta Wasagu ba. A halin da ake ciki garin Zuru ya fi dacewa, kuma a fara da jeka-ka-dawo, kada a tara 'ya'yan mutane a ɗakin kwana. A yi ta a matsayin reshe na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ta riƙa ba da takardar NCE, daga baya a ƙulla da wata jami'a don mai son ci gaba zuwa digiri. Ɗakuna kaɗan sun isa, da rumfa mai faɗi mai daɓe mai laushi, da wurin sassaƙa da jima, da ɗakin naɗar sauti.

Inda aikin yake da wuya, kuma inda sai Gwamna da kansa ya sa baki, shi ne ƙa'idar ɗaukar ma'aikata. Dokar aiki ta ce mai koyarwa a kwaleji sai mai digiri. Idan aka bi wannan yadda take, za a ɗauko masu takarda su koyar da abin da suka karanta a littafi, tsohon da ya iya kuma a riƙa kiransa sau ɗaya a zango ya yi nuni, a sallame shi da kuɗin goro. In haka za a yi, gara a bari. A ƙirƙiro matsayi na musamman na gwanin sana'a, mai albashin wata da kulawar asibiti, a haɗa kowane gwani da matashin malami mai takarda, ɗaya ya koyar da hannu, ɗaya ya rubuta ya tsara jarrabawa. An taɓa yin irinsa a ƙasar nan. Ladi Kwali ba ta yi boko ba, amma ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, ta koyar, ta yi nuni a Ingila da Amurka, yau hotonta ne a bayan naira 20. Jami'ar Ife ta ɗauki Lamidi Fakeye, masassaƙin gado, ya koyar da ɗalibanta shekara da shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an yarda a saye ta da kuɗi.

Akwai kuma abin da ba ya jiran gini ko amincewar hukumar kwalejoji. Tun a ranin nan a kafa ƙaramin kwamiti tare da fadar Mai Martaba Sarkin Zuru da sarakunan masarautun biyar, su bi unguwannin da 'yan gudun hijira suka sauka, su rubuta sunan kowane makaɗi da mabushi da gwanin rawa da masassaƙin ganga da ya rage, da abin da ya iya, da harshen da yake waƙa da shi. A naɗe su a sauti da hoto da yardarsu, a biya su, a ajiye kwafi a gidan tarihi na Zuru da na Kanta a Argungu. Wanda ya baro gangarsa a daji a yi masa wata, a haɗa shi da yara biyu ko uku da za a riƙa ba ɗan alawus. Daga wannan rajista za a zaɓi malaman farko ranar da makarantar ta buɗe. Ina roƙon a sa kuɗin wannan somin-taɓi a kasafin shekara mai zuwa, a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi, a kuma ba jami'i guda alhakinsa da sunansa, don mu san ƙofar da za mu riƙa ƙwanƙwasawa.

Allah Ya ja zamaninka, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
Wasagu, Masarautar Zuru.